Sarkin Ƙofa a Bakin Kemis: Muhawara kan Neman Izini Kafin a Ba 'Yan Mazan Jiya Magani

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen inshorar lafiya na wani babban asibiti a Kano da hantsi ya san kalmar da ta fi yawo a bakin masu zaman jira a kan benci: kod. Likita ya riga ya duba, ya rubuta abin da ya rubuta, amma takardar ba za ta zama magani ba sai wata lamba ta iso daga ofishin da ke riƙe da kuɗin inshorar. A cikin masu jiran akwai dattijon da ya fito daga Yakasai ko Mandawari tun bayan asuba, katin shaidarsa na tsohon soja a aljihun gaba, tsofaffin fakitocin maganinsa a ɗaure cikin leda don ya nuna wa likita abin da yake sha. Idan lambar ta zo, ya karɓi magani ya tafi yana sa albarka. Idan ba ta zo ba, abin da zai ji shi ne: "Baba, a yi haƙuri, a dawo gobe." Gobe kuwa kuɗin adaidaita sahu ne sau biyu, da wani wunin na zama, da wani daren ba tare da ƙwayar hawan jini ba. A kan wannan lamba ake muhawara. Wasu na ganin ita ce katangar da ke kare dukiyar marasa lafiya daga masu wawura. Wasu na ganin ita kanta ta zama cuta. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma sai an auna su duka biyu kafin a san inda gaskiya ta fi rinjaya.

Da farko ya kamata a san yadda abin yake tafiya. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, ya samu doka a 1999, ya fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta mayar da shi hukumar NHIA. Tsakanin hukumar da asibitoci akwai kamfanonin HMO, su ne ke karɓar kuɗi su biya asibiti. Sojoji na da nasu na musamman, Defence Health Maintenance Limited, wanda aka fi sani da DHML, kuma shi ke kula da na bakin aiki da waɗanda suka yi ritaya da iyalansu. Biyan asibiti iri biyu ne. A matakin farko, inda ake duba zazzaɓi da mura da hawan jinin da bai yi tsanani ba, ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, kuma a nan ba a buƙatar lamba. Amma da zarar ciwo ya kai ga ƙwararren likita, ko gwaji mai tsada, ko tiyata, ko magungunan da ke biyo bayansu, sai a koma biya gwargwadon aiki, kuma a nan ne dole asibiti ya nemi amincewa kafin ya yi. Matsalar tsohon soja ita ce yawancin cututtukan tsufa a wannan mataki na biyu suke zaune: zuciya, ƙoda, ciwon suga da ya taɓa ido ko ƙafa, hawan jinin ido, matsalar fitsari. Abin da matashi ke gamuwa da shi sau ɗaya a shekara, dattijo kan gamu da shi kusan duk wata.

Hujjar farko ta masu goyon bayan neman izini ita ce amana. Kuɗin inshora tukunya ɗaya ce da mutane da yawa ke ci daga cikinta, kuma duk cokalin da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, rabon wani ne aka rage. Tsarin biya gwargwadon aiki na da wata kafa da kowa ya sani: iya abin da asibiti ya rubuta, iya abin da zai karɓa. Idan babu mai dubawa, babu abin da zai hana a rubuta maganin da ba a bayar ba, ko a rubuta mai tsada alhali mai araha zai yi aiki, ko a shigar da sunan wanda bai ma zo asibiti ba. Wannan ba zato ba ne, domin ya faru a ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan sojojinta. A Amurka, shirin lafiyar sojoji da tsofaffin sojoji mai suna TRICARE ya taɓa barin ƙofa a buɗe ga magungunan da ake haɗawa a kemis don mutum ɗaya, irin su man shafawa na rage ciwo. 'Yan damfara suka gano kafar, suka riƙa samo likitocin da za su sa hannu ga mutanen da ba su taɓa gani ba, har kuɗin da shirin ya kashe a kan wannan rukuni kaɗai ya zarce dala biliyan ɗaya a 2015. Da aka ƙaƙaba tantancewa da neman izini a watan Mayun shekarar, kuɗin ya faɗi warwas, kuma mutane da dama sun ƙare a kotu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ce a rushe katangar baki ɗaya, dole ya faɗa mana abin da zai hana irin wannan faruwa a nan.

Hujjarsu ta biyu ta fi shafar Kano kai tsaye, ita ce kare lafiyar mai shan maganin da ta al'umma. Garin nan ya ɗanɗana abin da sakacin harkar magani ke jawowa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, inda Kano ta fito ƙarara, kuma cikin kwana ɗaya gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Binciken da aka gudanar a ƙasar nan tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka bincika, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suka sha ba bisa umarnin likita ba. Tsohon soja mai ciwon baya ko tsohon rauni na cikin waɗanda ake rubuta wa irin waɗannan magunguna, kuma gidansa cike yake da samari. Idan wani ido na biyu ya duba yawan abin da ake ba shi, ba wulaƙanci ba ne. Haka nan magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi: yawan rubuta su barkatai ne ke sa ƙwayoyin cutar su bijire, har a wayi gari maganin ya daina ci. Sannan akwai wakilan kamfanonin magani da ke zagaye ɗakunan likitoci suna tallan nasu samfurin, alhali a jerin magungunan inshora akwai irinsa sak mai sunan asali a kan kuɗi kaɗan. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, kuma ban ga yadda mai adalci zai yi watsi da su ba.

To amma ga abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, kuma daga jikin majinyaci suke farawa. Maganin hawan jini da na suga ba a shan su don a warke a ajiye. Ana shan su ne kullum har ƙarshen rai, kuma amfaninsu a rashin yankewa yake. Dattijon da ya yi kwanaki babu ƙwayar hawan jini irin amlodipine, jininsa zai koma ya hau ba tare da ya ji komai ba, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye. Mai allurar insulin da ta yanke masa na iya faɗawa cikin suma. Mai hawan jinin ido da ya rasa maganin ɗigawa, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Jinkirin da ake lissafawa a ofis da awanni, a jikin ɗan shekara saba'in da jijiyoyi ake biyansa. Kuma mutum ba ya zama ya naɗe hannu yana jiran lamba. Kemis ɗin unguwa zai nufa ya sayi na kwana uku da abin da ya rage na fansho. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa daga ƙasar nan a watan Agustan shekarar, Sanofi ya biyo baya, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Mai ƙaramin ƙarfi zai nemi mafi araha, mafi araha kuwa a nan ne jabu ke ɓuya. Dalilin da ya sa hukumomi suka dage sai dillalan magani sun tashi daga kasuwar Sabon Gari sun koma cibiyar Dangwauro ke nan, har aka rufe shaguna masu yawa a farkon 2024. Tsarin da aka kafa don ya raba majinyaci da maganin banza, idan jinkirinsa ya tura shi can, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Suna kuma tambaya: wane ne ke yanke hukuncin, kuma me yake samu idan ya jinkirta? Likitan da ya auna majinyaci, ya ga kumburin ƙafarsa, ya ji bugun zuciyarsa, shi ne ke neman izini daga wanda bai ga komai ba sai rubutu a fuskar kwamfuta. Kamfanin da ke bayar da izinin kuma shi ne zai biya, don haka duk buƙatar da ta mutu a hanya, kuɗi ne ya saura a asusunsa. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Tsarin ne da kansa ke ba jinkiri lada. Farfesa Usman Yusuf, lokacin da yake shugabantar NHIS daga 2016, ya sha fitowa fili yana zargin kamfanonin HMO da riƙe kuɗin asibitoci, kuma rigimar da ta biyo baya ta nuna girman abin da ke ƙasa. Asibitin da bai tabbata za a biya shi ba, shi ma yana da tasa hanyar kare kai: a rubuta O/S a gefen takarda, wato maganin ya ƙare, a ce wa majinyaci ya je waje ya saya. A matakin farko ma, inda kuɗin kowane mutum ya daɗe a kan naira 750 a wata fiye da shekara goma yayin da farashi ke ninkawa, asibiti ya fi samun sauƙi idan bai bayar ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙarshenta majinyaci ne ke tsaye tsakanin ɓangarori biyu, kowanne na kare aljihunsa, shi kuwa babu mai kare nasa.

Wannan ɓangaren na da hujja ta uku, wadda ta fi taɓa zuciya. Lafiyar ɗan mazan jiya ba sadaka ba ce, bashi ne. Daga cikinsu akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, da waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, da waɗanda suka ƙarasa aikinsu a dazukan Borno da Yobe. Sunan barikin Bukavu na nan Kano kansa tunatarwa ne cewa sojan Najeriya ya yi aiki a Kwango tun farkon shekarun 1960. Mutumin da aka tura filin daga ba tare da an nemi amincewarsa ba, yana da nauyi a ce sai an nemi amincewar wani kafin a ba shi maganin ƙafar da ya raunata a can. Kuma ganin tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disambar 2024 kan haƙƙoƙinsu ya isa ya nuna cewa haƙurinsu ya sha gwaji. Na yarda da wannan hujja, amma da iyakarta. Kasancewar abu bashi ne ba ya nufin a daina lissafi. Mai biyan bashi na gaskiya ma ya fi kowa son lissafi ya fita. Abin da hujjar ke tabbatarwa shi ne wahalar lissafin ba ta kan mai bin bashi. Wanda ake bi ne ya kamata ya ɗauke ta.

A nan ne nake ganin tarihin birnin nan na da abin koyarwa. Ganuwar Kano na da ƙofofi, kuma kowace ƙofa, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, tana da sarkinta. Sarkin ƙofa ba ya tsayar da kowa. Ya san mutanen gari, ya san mai fita gona da mai shigo da itace kullum, waɗannan wucewa suke yi da sallama. Hankalinsa na kan baƙuwar fuska da kayan da bai saba gani ba. Da zai tsare kowane ɗan gari kowace safiya yana tambayarsa asalinsa, da kasuwar Kurmi ba ta ci ba, kuma da ɓarawon ma ya sulale a cikin cunkoso. Matsayina ke nan: neman izini na da amfani, amma a ƙuntata shi ga inda haɗarin yake. Magungunan ciwo mai ɗorewa da ke cikin jerin inshora, da zarar ƙwararren likita ya tabbatar da cutar, a ba da amincewa ɗaya mai tsawon wata shida ko shekara, ba a sabunta ta sai magani ya canja. Abin gaggawa a yi shi nan take, takarda ta biyo baya. Sai a bar tantancewa mai tsauri ga rukuni na uku: magunguna masu tsananin tsada, da masu sa maye, da waɗanda ba sa cikin jeri, da mai sunan kamfani idan akwai madadinsa. Ofishin da ya sauke wa kansa dubban buƙatun maganin suga irin metformin zai samu lokacin duba buƙata ɗaya ta maganin ciwon daji da idon basira.

Hukumar NHIA da kanta ta matso kusa da wannan. Daga 1 ga Afrilun 2025, ƙarƙashin shugabanta Dokta Kelechi Ohiri, ta umarci kamfanonin HMO su bayar da lambar amincewa cikin awa ɗaya, ko su bayyana dalilin ƙi, kuma ta ce a yanayin gaggawa a fara magani kafin lamba. A daidai lokacin ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci, na kowane mutum da kashi 93 cikin 100, na biya gwargwadon aiki kuma fiye da haka nesa. Wannan mataki ne mai kyau, domin ya amsa cewa jinkiri laifi ne da ke da mai shi. Amma umarni ba ya aiki da kansa. Ma'aikacin da ke teburin inshora ba zai saki magani ba idan yana tsoron asibitinsa ne zai ɗauki asara. Sai ya tabbata cewa shirun kamfani bayan awa ɗaya amincewa ce da dole a biya, kuma akwai shaidar lokacin da ya aika da buƙata. Haka kuma sai majinyacin ya san da dokar. Dattijon da bai san yana da haƙƙin amsa cikin awa ɗaya ba, godiya zai yi idan aka ce ya dawo gobe.

Za a ce amincewar dogon lokaci ƙofa ce ga zamba: ɗan fansho ya rasu a ci gaba da karɓar magani da sunansa, ko ɗan'uwa ya yi amfani da katinsa, ko a karɓa a sayar. Wannan na iya faruwa, amma lambar wata-wata ba ta hana shi, domin mai bayar da ita ba ya ganin fuskar kowa. Abin da ke kama irin wannan shi ne bincike bayan aiki: a haɗa rajistar inshora da lambar ɗan ƙasa ta NIN da tantancewar da Hukumar Fanshon Soja ke yi, a riƙa duba asibitin da lissafinsa ya yi fice da na takwarorinsa, a ƙwato kuɗi, a soke rajistar wanda aka kama. A jihar Texas ta Amurka an yi doka a 2021 da ta ɗauke wa likita nauyin neman izini kan wani aiki idan kashi 90 cikin 100 na buƙatunsa na baya an amince da su. Ma'anarta a sa ido kan wanda ya ba da dalilin zargi, a sakar wa mai gaskiya mara. Za a kuma ce asalin matsalar ƙarancin kuɗi ne, lamba alama ce kawai. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa gyaran ba zai cika ba sai an biya asibitoci a kan lokaci, kuma idan maganin da ke cikin jeri ya yanke, a mayar wa majinyaci kuɗin da ya kashe a kemis mai rajista. Amma ƙarancin kuɗi hujja ce a kan jinkiri, ba hujjar kare shi ba: kwanciyar mutum ɗaya da shanyewar ɓarin jiki, ko watannin wankin ƙoda, sun fi kuɗin ƙwayoyinsa na shekaru.

Ga Kano, akwai abin da ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha za ta iya neman a ajiye wakilinta a manyan asibitocin da mambobinta ke zuwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala, ya riƙa rubuta lokacin da aka nemi lamba da lokacin da ta zo; littafi ɗaya na wata uku zai fi ƙorafin baka ɗari tasiri a gaban hukuma. A manna dokar awa ɗaya da Hausa, da boko da ajami, a jikin bangon kowane teburin inshora, tare da inda ake kai kuka. Gidajen rediyon garin nan, da ke shiga kowane zaure, su mayar da shi batun shiri. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ma, da ke da nata tsofaffin ma'aikatan, darasin ya shafe ta.

Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a busa begila, a yi addu'a ga mazan da suka kwanta dama. Hakan daidai ne. Amma waɗanda suka tsira suna nan a lungunan Gwale da Dala da Jakara, kuma girmamawar da za ta amfane su ana gwada ta ne a tagar kemis ranar Talatar da babu biki. A bar ƙofa da mai gadinta, domin dukiyar jama'a na buƙatar tsaro. Sai dai mai gadin ya san 'yan gari, ya amsa sallama da wuri, kuma idan barci ya ɗauke shi, kada a ce dattijon da ke tsaye a waje ne zai biya.